Dutsen Malam a Bangon Balad

Ni ban san baƙi ba, ban san boko ba. Binta ce take rubutawa, ma'aikaciyar jinya 'yar Gusau da ke zuwa duba mini ƙafa in ta tashi daga aiki. Na ce mata ta sa magana yadda ta fito daga bakina, in kuka ya zo ta jira ni. Sunana Mairo, mutuniyar ƙasar Kazaure, matar marigayi Malam. Sunansa ba zai hau takardar nan ba. 'Ya'yansa sun san shi.

Da muka gama umra, ni da Malam muka gangaro Jidda da niyyar mu ɗan yi nema kafin mu koma. Malam baduku ne, ya ce ƙasar da mutane ke yawan tafiya a ƙasa ba za ta rasa tsinkakken takalmi ba. A tashar mota wani mai farar jallabiya ya ji Hausarmu, ya matso yana murmushi. Ya ce sunansa Alhaji Ɗanjummai.

"Kazaure? Allahu akbar! Ai kakata ta wajen uwa 'yar can ce. Baba, kun zo gida."

Ya saya mana shayi da gurasa, ya ɗauki jakata da kansa. Ya ce a nan mutum ba ya zama sai da iƙama, takardar izinin zama ke nan, iƙama kuma sai da kafili, wato ɗan ƙasa da zai tsaya maka. Shi yana da kafili mai tsoron Allah, mu ba shi fasfo ya kai. Malam ya kwance lalitar da ya ɗinka da hannunsa, ya miƙa masa duka biyun. Har godiya muka yi masa, har addu'a Malam ya yi wa kakar tasa. Daga ranar ba mu sake ganin ko ƙeyarsa ba.

A lokacin abin da ya dame ni shi ne mun zama 'yan takari, marasa takarda. Ban san akwai abin da ya fi wannan a cikin fasfon ba. Malam ba ya yarda a ɗauke shi hoto, ko a bikin 'ya'yansa. Na fasfon nan shi kaɗai ne a duniya, shi ma dole ce ta sa.

Mun sami ɗaki a unguwar Ammariyya, a ƙarƙashin matakala, inda bango ke yin gumi kamar mutum. Malam ya shimfiɗa buhu a bakin kasuwar Balad, tsohuwar unguwar Jidda, yana gyaran takalma. Ni kuma na ɗauki faranti ina sayar da gyaɗa da aya. In aka ce ga baladiyya, ma'aikatan da ke korar masu talla, sai kowa ya kwasa a guje. Ku dubi mace mai jikoki tana gudu a titi, tana riƙe zani da hannu ɗaya. Wata rana farantin ya kife, na faɗi a kan gyaɗata. Wani Bayamane mai shago ya ja ni ya ɓoye ni bayan buhunan shinkafa, ya ba ni ruwan sanyi, ya kau da kai har na gama ɗaura zanina. Allah ya saka masa, ban san sunansa ba. Da yamma in an bugo waya daga gida, sai in ji ana cewa, "Hajiya ana can ana shan daɗi a ƙasa mai tsarki." Sai in ce alhamdu lillahi.

Haka shekaru suka yi ta wucewa. Wata bazara Malam ya dawo da rana tsaka, abin da bai saba ba, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Na ce mu je asibiti. Ya ce da wace takarda? Ya sha ruwa, ya kwanta ya fuskanci bango. Kafin la'asar ya cika.

Mazan unguwa, Hausawa 'yan'uwanmu, su suka yi ta shiga da fita har aka ba da izinin binnewa. Sun yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsu ba. Suka ɗauke shi a mota, ni ina ɗaki. Da na fita takaba na ce a kai ni in ga inda yake. Aka kai ni bakin wata doguwar katanga. Mai gadi ya ɗaga hannu tun daga nesa, ya ce mata ba sa shiga. Na leƙa ta ƙofa. Fili ne fetal, ƙasa da ƙananan duwatsu iri ɗaya, ba suna, ba alama. Na tambayi waɗanda suka binne shi, wannan ya ce wajen gabas ne, wancan ya ce a'a, kusa da famfo ne. Na ukun ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, ranar gawa da yawa aka kawo."

Akwai wani Mato da ke yawo a wurin, ya ce shi abokin masu haƙa ne, ya san kowane rami. Na ba shi abin da ke bakin zanina. Ya kai ni bayan katangar, ya sa mini bulo na taka, ya nuna mini wani dutse kusa da wata busasshiyar bishiya. Na daɗe ina zuwa wurin duk Juma'a, in hau bulo in yi addu'a in yi kuka. Sai wata Juma'a na tarar da wata mata 'yar Damagaram a kan bulona, tana kuka tana kallon dutsen. Na tambaye ta. Ta ce mijinta ne, Mato ne ya nuna mata. Muka tsaya muna kallon juna, tsofaffi biyu. Ban sake komawa ba.

Ba zan iya riƙe ɗakin Ammariyya ni kaɗai ba, sai na koma unguwar Mahjar, gidan Ummu Faisal. Bahausa ce haifaffiyar Jidda, ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, rabin maganarta Larabci ne. Tana ba zawarawa irina hayar ɗaki, mu da yawa a ɗaki ɗaya. Katifata tana kusa da ta Talatu, 'yar Haɗeja, mai bakin da ko reza ta san da zamansa.

Ƙafata ta daina gudu, sai na bar talla. Na sami aikin shara da dafa shayi a wani shago da ake yin jibis, farar ƙasar nan da suke zubawa su yi wa rufin ɗaki ado. Mai aikin wani Bamisire ne, Usta Gabir, dattijo mai furfura, ko da yake ban san wace ce furfura wace ce ƙurar jibis ba. Mai salla ne, goshinsa har da tabo. Furanni da ganyaye yake zanawa yini guda. Larabcina na kasuwa ne, nasa na Misra, amma muna fahimtar juna.

Wata rana ina shara bayan buhuna, tsintsiya ta jawo wani tsumma. Sai ga mutane a jikin dutse.

"A'uzu billahi! Usta, gunki a shagonka?"

Ya yar da abin da ke hannunsa ya taho da sauri. "Ya Hajja, rage murya, za ki sa a kore ni daga ƙasar."

Ya leƙa waje, ya dawo, ya ɗaga dutsen ya jingina a bango. Fari ne, faɗinsa kamar babban faranti. Ya ce shi ya sassaƙa, don kada hannunsa ya manta. A garinsu, can kudancin Misra a bakin kogi, sana'ar gidansu ke nan tun kakanni. Suna kwaikwayon abin da mutanen da suka sassaƙa a bangon kaburburan manyansu, su sayar wa baƙi. Da baƙi suka ragu, ya zo Jidda yin furanni.

Na ce, "Su waye?"

"Sarki ne, da matarsa, da 'ya'yansu mata."

"Fir'auna?"

"Fir'aunoni da yawa ne, ya Hajja, kamar sarakunanku. Ba duka ne suka bi Annabi Musa cikin teku ba."

"Ashe kai jikan Fir'auna ne nake dafa wa shayi."

"Jikan wanda ya ɗauko masa dutse dai. Da jikansa ne ni, da kin gan ni a nan?"

Ban so in duba ba, amma ido ba shi da linzami. Sarkin yana zaune, ya ɗaga ƙaramar 'yarsa yana sumbatarta. Matar tana zaune a gabansa, wata 'yar a cinyarta, wata tana wasa da ɗan kunnenta. Na kau da kai, don ni ban taɓa ganin sarki a haka ba, ko talaka ma a gaban mutane. Usta ya kama yatsana ta cikin mayafi ya bi da shi gefen zanen. Ba sama mutanen suka taso ba, ciki aka haƙa su. Ya ce haka ake yi, a yanka gefen ya yi zurfi, in rana ta bugi bango inuwa ta kwanta a ramin, sai mutum ya fito kamar zai yi motsi. Ya nuna mini wani dogon zobe kamar igiya da aka ƙulla, cikinsa tsuntsaye da ƙananan zane. Ya ce rubutunsu ke nan, sunan sarki ne aka kewaye. Su a wurinsu, muddin fuskar mutum da sunansa suna jikin dutse, bai ɓata ba. Shi ya sa in sabon sarki ya tsani na baya, ba gawarsa yake nema ba. Sai ya aiko masu ƙarfe su kankare fuskar da sunan.

Na ce, "Kafirci ne."

Ya ce, "Kafirci ne, ya Hajja. Amma kewar da ta sa su yi, ita ba kafirci ba ce."

Ya mayar da tsumman, na ci gaba da shara. Amma abin ya bi ni gida.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Fuskar Malam ta fara guje mini. In na rufe ido sai in ga hularsa, in ga hannunsa, tsakiyar kuwa kamar hayaƙi. Ga ɗana Nasiru kullum yana waya, in dawo gida, in miƙa kaina a mayar da ni kamar yadda 'yan takari ke yi in sun gaji. Na ce ba zan bar babansu shi kaɗai a ƙasar mutane ba. Ran nan ya gaji ya ce, "Inna, ko kabarin ba ki sani ba. Wa kike gadi?" Ya ba ni haƙuri daga baya. Amma gaskiya ya faɗa, ita ce ta fi zafi. Na zo da mutum, zan koma hannu biyu, ba kabari, ba hoto, ba ko fuskar a kaina.

Na yi ta kai shayi ina dawowa da maganar a bakina. Ranar da na faɗa, ƙasa nake kallo.

"Usta, in mutum ba sarki ba ne, ana yi masa?"

Ya gane. Ya ce a'a, ya ce haɗari ne gare ni da shi, ya ce ni da na kira shi gunki. Na ce na sani, na san hukuncin mai yin sura da mai ajiye ta, ba jahilcin wannan ne ya kawo ni ba. Na fara kuka a gaban namijin da ba muharramina ba. Ya goge hannu a riga, can ya ce, "Kawo hotonsa."

"Babu."

"To faɗa mini. Idonsa yaya yake? Tsakanin girarsa da faɗi ko a matse?"

Na ce ban sani ba.

"Ya Hajja, shekara nawa kuka yi tare?"

"Tun kana wasan ƙasa."

"Kuma ba ki san idonsa ba?"

"Wace mace mai tarbiyya ce za ta tsaya ta zuba wa mijinta ido?"

Ya riƙe kai. Ni kuwa ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Abin da aka koya mini tun ina budurwa, abin da ake yabona da shi a gidan surukai, yau ga shi ya bar ni ba zan iya faɗin kamannin mijina ba. Na ɗauki butar shayi zan tafi. Sai na ji bakina yana cewa, "Hancinsa yana da ɗan tudu a tsakiya. In ya juya."

"In ya juya?"

Ashe ta gefe na san shi. Duk zamanmu, shi yana ɗinki, ni ina gefensa ina tsinkar zogale ko ina ɓarar gyaɗa, ina satar kallonsa. Na san tudun hancin. Na san kunnensa na hagu da ƙahon bijimi ya tsaga tun yana yaro. Na san yadda gemunsa ke turowa gaba in zai datse zare da haƙori, da jijiyar da ke tashi a wuyansa. Usta ya ɗauko gawayi da ɓallin jibis yana zanawa, ni ina gogewa da yatsa ina cewa a'a, goshin bai kai haka ba, leɓen ƙasa ya fi wannan kauri. Yana dariya yana cewa, "Mutanenmu na da ma ta gefe suke yin kowa. Da a zamaninsu kika zo, da kin sami aiki a fada." Har aka kai wani wuri da na janye hannuna, na gyara mayafi. Malam ne.

Ya ɗauki lokaci yana aikin, in sauran ma'aikata sun tafi cin abinci. Ya jiƙa zare a jan ruwa ya buga a kan dutsen ya yi gida-gida, sannan ya mayar da zanen a kai, sannan ya fara bi da ɗan ƙarfe da guduma ta itace. Bai yarda in gani ba. Sai ran nan ya kira ni ya ce saura sunan da za a sa cikin zobe.

"Sa Malam."

"Malam ba suna ba ne. Rabin mutanen Mahjar Malam ne."

"Ai ka ce zoben na sarakuna ne."

"Wa zai kai ƙara? Faɗi sunan."

Na yi masa kwatance irin namu na mata. Na ce sunan wani annabi ne, na fara ba shi labarin annabin. Ya gane tun ban yi nisa ba, na ga ya gane. Amma ya ajiye ƙarfen ya ce a gidansu ba a sa sunan mamaci a dutse sai an ji shi daga bakin nasa, haka ubansa ya koya masa. Na ce a wurinmu mace ba ta kiran sunan mijinta, ko yana raye ko ya mutu, ni ko mai irin sunansa ban taɓa kira ba. Ya ce to zoben ya zauna fanko. Ya koma kan furanninsa.

Na zauna a kan buhu har shayin ya huce. Sannan na tashi na juya na fuskanci bango, na ja mayafi na rufe fuskata duka, na faɗa. Muryar da ta fito ban san ta ba. Sunan ya yi mini nauyi a harshe kamar na ɗauki abin da ba nawa ba, kuma ya yi daɗi, wannan ne ya fi ba ni kunya. Sai ƙarar guduma na ji a bayana.

Ranar da ya ba ni, ya naɗe shi a tsumma, ya ce kada in buɗe sai na je gida. Girmansa kamar allo. Na jira har matan ɗakinmu suka fita nema, na buɗe. Ga Malam zaune a kan kujera irin ta sarkin nan, shi da bai taɓa zama sai a buzu ba, ga kunnen, ga gemun. Amma ba shi kaɗai ba ne. A gefensa ga wata mace da ɗankwali irin ɗaurina, da gajeren hancina, ta zagayo da hannunta ta bayansa ta ɗora a kafaɗarsa. Na saki salati. Washegari na ce, "Usta, wa ya aike ka?" Ya ce, "Haka ake yi. Ba a barin mutum shi kaɗai a dutse, sai da matarsa tana riƙe da shi."

Na ɓoye shi a ƙarƙashin katifa. In ɗaki ya zama ba kowa sai in ciro in duba, in mayar, in yi ta istigfari. Ban taɓa yin salla yana buɗe ba. Ban taɓa roƙonsa komai ba, Allah shi ne shaida. Kallo kawai.

Kuɗin cizo ne suka tona ni. Sun addabi ɗakin, Ummu Faisal ta kawo magani ta ce a fitar da katifu rana. Ina wajen aiki. Da na dawo na tarar da matan gidan duka a tsakar gida, dutsen yana ƙasa a tsakiyarsu, ba wadda ta yarda ta taɓa shi.

Ummu Faisal ta taso mini. "Esh haza, mene ne wannan, ya Hajiya? Sihir a gidana? Ga sura, ga tsuntsaye, ga rubutun aljanu! Wallahi in hukuma ta ga wannan, khalas, shi ke nan, mu duka za a kwashe, ke kuma wuyanki ne. Kin san abin da ake yi wa mai sihiri a ƙasar nan?"

Na ce ba sihiri ba ne. Ta ce to mene ne? Sai Talatu ta durƙusa ta ƙura masa ido, don ta san Malam, ya sha gyara mata takalmi.

"La ilaha illallahu! Jama'a, Malam baduku ne. Ga kunnen nan." Ta ƙara matsawa. "To wannan ta gefen fa, mai hannu a kafaɗa? Iya Mairo! Ashe haka kuke? Muna ganinki kamar ba ki iya kashe ƙuda ba, ashe rungumar tsoho ake yi har a dutse!"

Suka fashe da dariya, har masu tsoron. Wata ta ce da tsufana, wata ta ce a ƙasa mai tsarki, wata ta ce kawo taɓarya a farfasa shi a zuba a shara. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige na ja ta a kaina. Amma da na ga an ɗauko taɓaryar, ban san sanda na faɗa a kan dutsen na rufe shi da jikina ba. Dariyar ta tsaya. Ummu Faisal ta sassauta murya, ta ce ita ba ta ƙi ni ba, amma tana da 'ya'ya. Kafin magariba ko dutsen ya bar gidan, ko mu bar shi tare.

Usta ba ya shago ranar, yana Balad, an ɗauke shi gyaran wani tsohon gida. Na sa dutsen a jakar da nake zuba gyaɗa, na rufe da abaya, na tari tasi. Duk motar 'yan sanda da muka wuce sai in ƙara rufe jakar da abaya. Na sauka na bi lunguna ina tambaya har na same shi a kan tsani, a wani gida mai tagogin katako kore, kusa da masu sayar da turare. Na gaya masa komai, ban da maganar Talatu.

Na ce zan tafi da shi gida Nijeriya. Ya ce in na miƙa kaina, kafin a sa ni a jirgi sai an zazzage kayana har ƙasan jaka, me zan ce musu? Shi ma ba zai iya wucewa da shi ba. Na ce to a shagonsa. Ya ce shagon haya ne, yau ko gobe. Ya zauna a kan matakala yana kallon bangon da yake gyarawa. Irin ginin da ne, na dutsen teku mai ramuka, sun ciro wasu da suka ruɓe za su sa sababbi. Akwai wani gurbi a hagun ƙofa, daidai kafaɗata.

Ya ce, "Ya Hajja, kin san waɗancan na garinmu ba don a gani aka yi su ba? In an gama, rufe ƙofar ake yi da dutse, a bar su cikin duhu. Mu ne muka zo daga baya muka buɗe. Unguwar nan kuma ba a rushe ta, gyara ta ake yi."

Na gane abin da yake nufi. Na ce to.

Ya jira har abokan aikinsa suka tafi sallar la'asar. Ya ce in duba na ƙarshe. Ya riƙe mini shi a hasken da ke shigowa lungun, rana ta kwanta a ramukan, inuwa ta fito da tudun hancin kamar zai juyo. Amma ba zai juyo ba, gabansa yake kallo. Don haka na kalle shi son raina, ban sunkuyar da kai ba, har ido ya cika na daina gani. Usta ya juya fuskar dutsen ciki, ya tura shi cikin gurbin, ya zauna daram. Ya shafe da farar ƙasa, ya bi da cokalin gini har wurin ya saje da sauran bangon. Ya ce, "Khalas." Ya wanke hannu ya tafi masallaci, ni na tsaya har shafen ya fara bushewa.

Da na koma Mahjar na nuna wa Ummu Faisal jakar ba komai. Talatu ta turo mini kwanon tuwo. Na ci. Washegari na buga wa Nasiru na ce ya gyara mini ɗakina, ina zuwa.

Shi ya sa na sa Binta ta rubuta, don in na iso ba zan iya faɗin wannan da bakina a gabanku ba, ku 'ya'yana. Kabarin babanku ban san shi ba, kada wani ya ce muku na sani. Amma duk wanda Allah ya kawo umra a cikinku, ya shiga Balad ta wajen masu turare, ya nemi gida mai koren tagogi a lungu. Hagun ƙofa, daidai kafaɗar gajeriyar mace. Kada ku taɓa bangon, kada ku ɗaga hannu a gabansa, ba wurin addu'a ba ne. Ku rage sauri kawai in kun zo wucewa, addu'ar ku kai ta masallaci. Ku haɗa da ni, ku roƙa mini gafarar abin da na sa aka yi.

Saura abu ɗaya. Binta, rubuta, kada ki ɗago kai.

Kafin Usta ya juya dutsen, ya ga inda idona yake komawa. Ya ciro ɗan ƙarfensa ya ce in hannun nan da ke kafaɗar Malam ne ya dame ni, yanzu zai kankare shi, ba zai ɗauki lokaci ba, a bar ni zaune a gefe da hannuna a cinya kamar mutuniyar kirki. Har ya ɗora bakin ƙarfen a kan yatsun.

Ba ni na ce a sa hannun ba. Amma ni na ce a bari.